Ginin da magina suka guje wa: nazarin wani aikin kwangila a Kano, 2023 zuwa 2024

Duk ƙarshen shekara, in aka zo lissafin abin da harkar gine-gine ta yi a Kano, manyan ayyuka ake ƙirgawa. A 2024 an yi ta nuna aikin gadar Tal'udu da ta Ɗan'agundi, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, da bututun gas da ya taso daga Ajaokuta zai ƙare a Kano. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai ƙananan ayyuka birjik, makarantu da shaguna da gidaje, kuma a nan ne yawancin magina da leburori suke samun na tuwo.

Wannan bayanin ɗaya daga cikinsu ne: bene mai hawa ɗaya, azuzuwa sama da ƙasa, da wata makaranta mai zaman kanta ta ba wani ɗan kwangila a bayan gari. Na bi aikin tun daga haƙa fandisho har miƙa mabuɗi, domin ni nake auna abin da aka yi kafin makarantar ta saki kuɗi. Na sakaya sunan makarantar da na ɗan kwangilar.

Farkon 2023: yadda aka ƙulla aikin

An sa hannu a watan Fabrairu, wa'adi shekara ɗaya. Kuɗin dunƙule ne, ana biya mataki-mataki: fandisho, linta, dakin (wato zubin kankaren da ke raba ƙasa da saman bene), rufi, sannan filasta da sauran ƙarashe. Sharaɗi ɗaya ne a takardar ya taɓo tashin farashi, wato in siminti da rodi suka tashi za a zauna a duba. Ba a ambaci ladan ma'aikata ba, kuma a ranar babu wanda ya ɗaga maganar.

Ma'aikatan dindindin na ɗan kwangilar ba su kai goma ba: injiniya, akawu, mai sito, direba, masu gadi. Sauran duk ta hannun heluma suke zuwa. Shi ke kiran birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da leburori, shi ke karɓar kuɗinsu a dunƙule ranar Asabar ya raba. Babu takarda, babu rajista. Ɗan kwangila ya san manyan maginan da suna, amma yaran da ke ɗaukar kwanon sarki ko fuskarsu bai riƙe ba. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Jigawa da Katsina, wasu daga ƙasar Damagaram da Maraɗi, suna zuwa bayan girbi, su koma gona in ruwa ya sauka.

Ƙarancin takardun naira na farkon shekarar ya ɗan ja biyan Asabar baya, amma kowa ya san ba laifin maigida ba ne, aka yi haƙuri. An gama fandisho a kan lokaci.

Yuni zuwa Satumba 2023: mutane sun fara zamewa

Ranar 29 ga Mayu shugaban ƙasa ya sanar da cire tallafin mai. Cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. A tsakiyar Yuni kuma Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi.

Ta hanyar mota abin ya fara shigowa ginin. Leburan da ke hawa A Daidaita Sahu biyu kafin ya iso bayan gari ya ga kuɗin zuwa da komawa ya cinye wani babban yanki na kuɗin yininsa. Tifar yashi ta tashi, tankar ruwa ta tashi, kuma ɗan kwangila ya biya su nan take domin mai tifa ba ya juye kaya sai ya ji kuɗi. Kuɗin yini ne kaɗai bai motsa ba.

'Yan ci-rani sun tafi gona kamar kullum. Sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, waɗanda heluma ke jira daga can bayan girbi yawancinsu ba su dawo ba. Birkiloli kuwa ba su yi faɗa da kowa ba. Mutum zai ce yana da rasuwa a gida, washegari a gan shi a wani ginin inda mai gida ke biya da yamma kafin a wanke cokali. Zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da ya kamata a ce an zuba dakin an hau sama, ginin yana tsaye a linta.

Oktoba zuwa Disamba 2023: ƙarin kuɗin yini

Abin da ɗan kwangila ya fara gwadawa shi ne ƙari. Ya ɗora kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin yini, ya miƙa ta hannun heluma kamar yadda aka saba. Mutane sun dawo na mako biyu, sannan suka sake raguwa.

Daga baya aka gane dalili biyu. Na farko, ƙarin bai kai ƙasa duka ba. Heluma ba shi da albashi, abin da ya tsakura a kan kowane mutum shi ne ladansa, shi ma kuma tsadar ta same shi. Na biyu ya fi nauyi. Ɗan kwangila ba ya samun kuɗi sai an gama mataki na auna, kuma duk lokacin da kuɗi ya shigo sai ya ruga ya sayi siminti da rodi kafin su ƙara tashi. Ranar Asabar sai a ce a dawo Litinin, Litinin a ce Laraba. Leburan da ya ci bashin garin masara a wurin mai shago da alkawarin Asabar ba shi da abin da zai je ya faɗa masa.

Ranar zuba dakin ce ta tona komai. Wanda bai taɓa gani ba, aiki ne na taron dangi: injin kwaɓa yana juyawa, masu ɗebo yashi da tsakuwa suna cika shi, layin leburori yana hawa da kwanon sarki a ka yana saukowa, sama kuma magina suna baje kankare suna dannawa. Ana so a zuba shi a tashi ɗaya, domin in wanda aka fara zubawa ya kama kafin sabo ya same shi, wurin haɗin yakan zama rauni. Rannan rabin mutanen da aka kira ne suka zo. La'asar ta yi ba a kai ko'ina ba, dole injiniya ya zaɓi inda za a yanke a ci gaba washegari. An kuɓutar da dakin ɗin, amma an biya hayar inji ta kwana biyu.

Janairu da Fabrairu 2024: jinga

A Fabrairu buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, dala kuma ta wuce naira 1,500. Ranar 19 ga watan ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka tsayar da farashi tsakanin naira 7,000 da 8,000. Makarantar ta amince ta biya bambancin kuɗin siminti da rodi, tunda takarda ta tanadi haka. Da ɗan kwangila ya kawo maganar ladan ma'aikata, aka buɗe takardar aka nuna masa babu.

Sai ya koma jinga. Maimakon kuɗin yini, birkila zai karɓi kuɗi a kan kowane bulo da ya ɗora, shi kuma ya sallami leburansa daga ciki. Makon farko katangun sama suka tashi da saurin da ba a taɓa gani ba a wurin.

Sauri ya haifi nawa. Wanda ake ƙirga wa bulo ba ya tsayawa cika tsakanin bulo da bulo da kwaɓi, ba ya yawan ɗora ma'auni ya ga ko katanga ta miƙe. Ban-ruwa kuma ya zama maraya, domin ba ya cikin jingar kowa, ga shi lokacin hunturu ne, iska tana tsotse danshin siminti kafin ya yi ƙarfi. Injiniya ya ƙi karɓar katangun azuzuwa biyu, aka rushe su, a daidai lokacin da siminti ya fi kowane lokaci tsada. Aka kuma shiga gardamar wa zai ɗauki asarar bulon da aka riga aka ƙirga.

Akwai wani abu da jingar ta jawo wanda ba a lura da shi da wuri ba. Tunda birkila ke biyan leburansa daga aljihunsa, sai ya nemi mai araha. Gogaggun leburori suka ɓace, yara sababbin hannu suka maye gurbinsu.

Maris 2024: faɗuwa daga sama

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, cikin zafin bazara. Ba a sauya lokacin aiki ba. A mako na biyu, wajen la'asar, wani matashin lebura ya taka katakon da aka gitta a kan gora yana ɗauke da kwaɓi, katakon ya goce, ya faɗo daga saman bene ya karye a cinya.

Babu wanda ya san cikakken sunansa. Laƙabi kawai ake kiransa da shi, birkilan da ya kawo shi ma a bakin titi ya same shi. Sai bayan an sha ruwa aka gano wani yayansa. An fara kai shi wurin mai ɗori, da ƙafar ta kumbura bayan kwanaki aka wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala. Ɗan kwangila ya biya komai daga aljihunsa, bai yi gardama ba.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi irin wannan rana. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, ita kuma ta ɗauki magani da diyya in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki. Dokar ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, ta kuma ce mai ɗaukar aiki ya kai rahoto cikin kwana 7. Kamfanin ɗan kwangilar yana da rajista a hukumar, domin ana neman takardar shaidarta wajen neman kwangilar gwamnati, amma sunayen ma'aikatan dindindin ne kawai a ciki. Babu wata takarda da ta nuna yaron ya taɓa aiki a wurin. Ba a shigar da buƙata ba.

Daga wannan rana aikin ya tsaya cak. Ba wanda ya kira shi yajin aiki, kowa dai ya ce sai bayan Salla.

Afrilu da Mayu 2024: zaman da aka yi

An yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu. Mako guda bayanta aka zauna a inuwar ginin: shugaban makarantar, ɗan kwangila, injiniya, heluma, ni, da wani dattijon birkila da sauran suka turo. Ɗan kwangila ya zo da shirin jin adadin ƙarin da za a nema. Dattijon bai fara da adadi ba. Ya ce wa ɗan kwangilar abin da suke so su sani shi ne ranar biya, ranar da ba ta motsi, kuma kuɗin ya shiga hannun wanda ya yi aikin.

A kan wannan aka gina sauran. Makarantar ta yarda ta cire kuɗin ma'aikata daga kuɗin mataki, ta riƙa zuba shi kowane mako a wani asusu dabam bisa abin da na auna. Wannan asusun ba a sayen ko ƙusa daga cikinsa. Aka mayar da biya ranar Alhamis da yamma, saboda mutum ya shiga Juma'a da cefane a hannu, kuma in banki ya yi tangarɗa akwai sauran yini na gyarawa. Mai OPay ko Moniepoint ana tura masa kai tsaye. Wanda ba shi da lambar NIN ko BVN, kamar 'yan Nijar da suka fara dawowa bayan buɗe iyaka a Maris, ana ba shi a hannu a gaban mai sito.

Biya kai tsaye ba ya yiwuwa sai da rajista, don haka aka sayi babban littafi: suna, gari, lambar waya, wanda za a kira in wani abu ya faru, da alamar zuwa ta kullum. Daga littafin aka riƙa fitar da jerin sunayen da ake kai wa NSITF.

Heluma ne ya fi kowa tirjewa, kuma yana da hujja, domin an taɓa abincinsa. Da aka yanka masa ladansa na mako a fili, wanda ya kai abin da yake tsakura a da, sai ya zama shi ke tsare littafin.

Maganar adadi an warware ta da kwano. Makon farko na kowane wata, mai sito da mutum ɗaya daga cikin ma'aikata za su shiga kasuwar da ke kusa su tambayi kwanon masara da na gero da na shinkafa. In sun tashi a fili, a taɓa kuɗin yini. Aka samo wata mata tana kawo garau-garau ko ɗanwake da rana a kan kuɗin kamfani, motar ɗan kwangila kuma tana kwasar mutane a mahaɗa ɗaya da safe ta mayar da su da yamma. Jinga ta rage a haƙa da jidar bulo da yashi, inda sauri ba ya ɓata komai. Ɗora bulo ya koma kuɗin yini. Aka ware lebura ɗaya ba shi da aiki sai ban-ruwa, aka yi hayar matakalar ƙarfe aka kwance gorar.

Ba duka ne ya kama ba. Hular kwano da takalman da aka raba, mako ɗaya aka sa su aka ajiye saboda zafi, sai ranar da injiniya ya tsaya a kai. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku, aka rubuta gajera da Hausa, amma da yawa suka ƙi dangwala hannu, suna tsoron haraji ko wani bashi da ba su sani ba. Tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i da aka ƙaddamar a 2019, an yi musu bayaninsa, ba wanda ya shiga.

Yuni zuwa Disamba 2024: ƙarasawa

Ruwa ya sauka, 'yan ci-rani suka tafi, amma a wannan karon birkiloli da kafintoci sun zauna. A watan Yuni hauhawar farashin abinci a ƙasa ta haura kashi 40 cikin 100, kuma lissafin kwano ya sa aka taɓa kuɗin yini sau uku kafin ƙarshen aikin.

Ranar 29 ga Yuli aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, daga baya gwamnatin Kano ta sanar da 71,000 ga ma'aikatanta. Leburori sun ji a rediyo, suka tambaya ko da su a ciki. Dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin jinga da na kamasho da masu aikin wani yanki na lokaci. Aka gaya musu abin da ke rubuce.

Zanga-zangar 1 ga Agusta da dokar hana fita da ta biyo baya sun tsayar da aiki na kwanaki. Fetur ya sake tashi a Satumba, ya haura naira 1,000 a Oktoba, amma tunda motar kamfani ke jigila, tashin ya faɗa kan ɗan kwangila, bai hana kowa zuwa ba. An yi rufi a Satumba, aka miƙa mabuɗi a Disamba, wata 10 bayan wa'adi. Daga Mayu zuwa ƙarshe, ban da ranakun ruwa da na hana fita, ba a rasa yini ɗaya saboda rashin ma'aikata ba, ba a kuma sake rushe katanga ba. A lissafin da na rufe, duk ƙarin da aka yi a kan lada da abinci da mota bai kai bambancin kuɗin siminti da rodi da makarantar ta biya ba tare da musu ba.

Abin da na fahimta

Ƙarin Oktoba bai yi aiki ba domin ya gyara adadi ya bar rana. Mutumin da ke ci daga hannu zuwa baki ya fi son kaɗan yau a kan mai yawa ran da ba a sani ba, kuma ya yi daidai. Jinga kuma ta ɗauke matsin daga wuyan ɗan kwangila ta ɗora wa birkila, birkila ya ɗora wa lebura, har ya sauka a kan yaron da ba shi da wanda zai ɗora wa. Ban ɗauki ɗan kwangilar nan mugu ba. Takardar da ya sa wa hannu ta kare siminti ta bar mutum, shi kuma ya bi inda takarda ta tura shi. Raba asusun nan shi ne maganin, domin ya hana buhu da lebura yin takara a kan naira ɗaya, takarar da buhu ke cinyewa kullum.

Littafin rajista ya fi ƙarfin yadda muka ɗauke shi da farko. Kusan duk haƙƙin da doka ta ba ma'aikaci, diyya ce ko takardar aiki ko fansho, yana farawa ne da shaidar cewa mutum ya yi aiki a wuri kaza ranar kaza. A manyan kamfanoni akwai ƙungiyar ma'aikatan gine-gine ta NUCECFWW da ƙungiyar masu kamfanoni ta FOCI, suna zama su tsayar da sharuɗɗan aiki. Wannan zaman ba ya isowa ginin bayan gari, dokar albashi ma ta tsaya kafin ta iso. Da a ce duk kwangila tana fitar da layin lada dabam tare da sharaɗin duba shi in farashi ya tashi, hukumar da ke ba da izinin gini kuma ta nemi ganin littafin ma'aikata da shaidar NSITF kamar yadda take neman zane, da an kai ga mutanen da dokokin yanzu suka tsallake ba tare da an jira sabuwar doka daga Abuja ba.

Yaron da ya faɗo ya warke, amma yana ɗingishi, ba ya iya hawa da kaya. Ɗan kwangila ya ɗauke shi gadi a sito. A aikin da ɗan kwangilar ya samu na gaba, mai ginin ya ƙi yarda a raba asusu. Ya riƙe littafin, ya riƙe ranar Alhamis iya ƙarfinsa, lissafin kwano kuwa ya tsaya a wata na biyu.